Ana cire mini kuɗin gidaje a albashi, ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai samu gidan?

"Assalamu alaikum. Ni akawu ne a wata ma'aikatar jiha, shekarata 40, albashina naira 90,000, ina da mata da 'ya'ya biyar, muna zaune a gidan haya ciki da falo. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ganin ana cire mini kuɗin asusun gidaje a takardar albashi. Ƙanina kuma tela ne, ba shi da albashi, amma yana samu daidai gwargwado. Kullum muna jin gwamnati ta gina gidaje don masu ƙaramin ƙarfi. Shin mene ne ainihin aikin waɗannan hukumomi, kuma ta wace ƙofa irinmu za su shiga?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta kasu biyu: me hukumomin gidaje na gwamnati suke yi da kuɗin da ake tarawa, sannan wane rabo kai da ƙaninka kuke da shi a ciki. Amsar a dunƙule ita ce, yawancin abin da hukumomin nan suke bayarwa rance ne mai sauƙin ruwa, kuma an ɗinka shi ne daidai jikin mai albashi matsakaici wanda ke da takardar fili. Kai kana bakin ƙofar, kana iya shiga idan ka san girman abin da za ka nema. Ƙaninka hanyarsa daban ce. Bari mu bi su daki-daki, domin da yawa suna ɓata shekaru suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasu ba.

Waye ke yin me

Mutane kan haɗa hukumomin nan a kwando ɗaya su ce "gwamnati", alhali kowacce da aikinta. Bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, FMBN, shi ke riƙe da kuɗi. Asalinsa kamfanin tanadin gini ne da aka kafa a 1956, aka mayar da shi banki a 1977. Kuɗin da ake cire maka suna shiga asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda dokar soja mai lamba 3 ta 1992 ta kafa ta kuma damƙa wa wannan banki. Hukumar gidaje ta tarayya, FHA, da aka kafa a 1973, ita magina ce: ita ta gina Festac a Legas da Gwarinpa a Abuja, kuma yau tana gini ne ta sayar ta maido da kuɗinta. Jihohi na da nasu hukumomin gidaje, kuma daga hannun gwamnatoci ne unguwanni irin su Kundila a Kano, lokos ɗin Barnawa da Malali a Kaduna, da 777 a Maiduguri suka fito. Sai kamfanin NMRC da aka ƙaddamar a 2014 da tallafin Bankin Duniya, wanda ba ya hulɗa da ɗaiɗaikun mutane sam, bankuna yake bai wa kuɗi na dogon zango. Akwai kuma kamfanin Family Homes Funds, wanda ma'aikatar kuɗi da hukumar zuba jarin ƙasa suka mallaka, shi ma yana gina rukunin gidaje.

A cikin waɗannan duka, wanda ke da haƙƙinka a hannunsa shi ne FMBN, don haka a kansa za mu daɗe.

Yadda asusun yake juyawa

Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata. Da ya yi wata shida yana zubi, ya cancanci neman rance. FMBN ba ya miƙa maka kuɗin jinginar gida hannu da hannu. Yana bai wa wani ƙaramin bankin lamunin gidaje mai lasisi a kan ruwa kashi 4, shi kuma ya ba ka a kan kashi 6, ka biya cikin wa'adin da bai wuce shekara 30 ba. An daɗe iyakar rancen tana naira miliyan 15, daga baya aka ɗaga ta zuwa miliyan 50. Tun 2018 ba a neman kafin alƙalami a rancen da bai wuce miliyan 5 ba, abin da ya haura haka kuwa ana neman kashi 10. Sau ɗaya ake bai wa mutum a rayuwarsa. Wanda bai ci rancen ba, ana maido masa da zubinsa da ɗan ƙari idan ya kai shekara 60 ko ya yi ritaya, in ya rasu kuma magadansa su nema.

Kashi 6 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34, babban banki kuma ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5. Wanda ya karɓi rance a kashi 6 a irin wannan yanayi, rabin kyauta aka yi masa, domin nairar da zai biya bayan shekara goma ba ta kai darajar wadda ya karɓa ba. To wa ke biyan wannan rangwame? Masu zubi ne, waɗanda kuɗinsu ke kwance suna narkewa. A nan ne damuwata take. Mai albashin 90,000 yana zuba abin da bai wuce naira 2,250 a wata ba, wato 27,000 a shekara. Kafin a bai wa mutum ɗaya rancen miliyan 9, sai an haɗa zubin shekara guda na ma'aikata 333 irinka. Asusun da aka gina a haka ba zai taɓa isar kowa ba, kuma wanda ya fi albashi da takardu shi ke kwasar rangwamen da ya fi tsoka. Dokar 1992 ta hango wannan giɓi, shi ya sa ta umarci bankunan kasuwanci su zuba kashi 10 na rancen da suke bayarwa, kamfanonin inshora ma su zuba nasu kaso. Wannan sashe bai yi aiki yadda aka rubuta shi ba, sai nauyin ya zauna a wuyan ma'aikata. A 2023 kuma aka yi wa dokar gyara, zubin ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu.

Lissafinka

Ƙa'ida ita ce abin da za a riƙa cire maka duk wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. A wurinka 30,000 ke nan. A ruwa kashi 6, kowace miliyan ɗaya tana cin kimanin naira 6,000 a wata idan wa'adin shekara 30 ne, kimanin 7,200 idan shekara 20 ne, kimanin 8,400 idan shekara 15 ne. Shekara 30 ɗin da ake tallatawa ba kowa ke samunta ba, domin ana auna wa'adin da shekarun da suka rage maka a aiki. Kai mai shekara 40, in dai ba ka cika shekarun aiki 35 kafin ka kai shekara 60 ba, shekara 20 ta rage maka kafin ritaya. Raba 30,000 da 7,200, za ka ga ƙarfinka ya tsaya a wajen miliyan 4 da dubu ɗari biyu.

Yanzu ɗauki gidan da aka sa wa miliyan 9, farashin da ba a ɗauka da tsada ba a rukunin gidajen gwamnati na yanzu. Za ka ajiye 900,000 kafin alƙalami, ka ranci miliyan 8 da dubu ɗari, ka riƙa biyan wajen 58,000 duk wata. Wannan na mai albashin 174,000 ne. Mai mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024 kuwa, ko an ba shi shekara 30 cif, bai wuce miliyan 3 da dubu ɗari tara ba. In ka kwatanta da bankin kasuwa mai ruwa kashi 25 a shekara goma, inda miliyan ɗaya ke cin kusan 23,000 a wata, za ka ga asusun ya yi rangwame sosai. Amma rangwamen ruwa ba ya rage farashin siminti. Buhun da ake saye ƙasa da 3,000 a 2020 ya haura 9,000 a 2024, albashi kuwa bai bi shi da wannan gudu ba.

Inda takardu ke maƙalewa

Ko lissafi ya yi daidai, akwai shingen fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da fili mai takardar gwamnati sai da amincewarsa. Banki ba ya karɓar takardar cinikin da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu. Yana son shaidar mallaka ta gwamnati, wadda aka fi sani da C of O. Mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi a Kano, Zariya, Gusau ko Bauchi kuwa filayen awon igiya suke saye, saboda awon gwamnati ya fi ƙarfinsu. Mutum na iya mallakar fili shekara ashirin, kowa a unguwa ya san nasa ne, amma a idon banki ba shi da abin jingina.

Ban da shaidar mallaka, bankin lamunin zai nemi zanen gini da hukumar tsara birane ta amince da shi, rahoton mai kimanta kadara ko jerin kayan gini da kuɗinsu, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun albashi na wata uku na baya, da shaidar zubinka. Kowanne da kuɗinsa, ga kuɗin lauya, na rajista, na hatimi da na inshora, kuma duk daga aljihunka za su fito kafin ka ga ko kwabo. A abin da muke gani a wannan aiki, matsalolin da suka fi kashe takardun masu nema su ne: ma'aikata ta cire kuɗi ba ta tura ba, ko ta tura a dunƙule ba tare da jerin sunaye ba, sunan da ke takardar fili ya saɓa da na takardar albashi, fili na gado ne da ba a raba ba, ko kuma mutum ya riga ya ci bashin banki ko na kayan masarufi da ya cinye kason nan na ɗaya bisa uku. Wani lokacin kuma an amince da rancen, amma kafin kuɗi su fito wata da watanni sun shuɗe, farashin gidan ya tashi, mai sayarwa ya ba wani.

Me ya sa ginin gwamnati bai warware matsalar ba

An gwada. Gwamnatin Shehu Shagari ta 1979 zuwa 1983 ta tsara gina gidaje 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha, kuma har yau akwai Shagari Kwatas a garuruwa da dama. Abin da aka kammala bai kai ko kusa da abin da aka tsara ba, kuma a jihohin da ba sa ɗasawa da gwamnatin tarayya an ba da filaye a bayan gari, nesa da kasuwa da wurin aiki. A daidai wannan lokaci gwamnan Legas Lateef Jakande ya gina dubban gidaje masu sauƙi a Legas waɗanda ƙananan ma'aikata suka shiga da gaske, saboda ya riƙe zanen a sauƙaƙe, ya yi da yawa, kuma a inda mutane ke iya zama.

Lalurar ginin gwamnati iri ɗaya ce kusan ko'ina. Kwangila tana ƙara wa gida tsada fiye da yadda mai shi zai gina da birkilan unguwa. Zanen yakan zo da falo babba da tsakar gida ƙarama, babu zaure, babu katanga, babu wurin ƙara ɗaki idan yara sun girma, sai mai gida ya shiga rushe-rushe da kuɗinsa. Fili mai arha a nesa yake, don haka abin da aka rage a haya sai ya tafi a kuɗin mota. Gidan da aka sayar ƙasa da farashin kasuwa kuma yana jan masu hanya, su karɓa su zuba 'yan haya. Tsarin da ya fi yi wa ƙananan ma'aikatan jihohi amfani shi ne na mallakar mazauni, inda ake bai wa ma'aikaci gidan da yake ciki a riƙa cira daga albashinsa kaɗan-kaɗan, amma gidajen ba su taɓa kai yawan masu bukata ba.

Abin da ya kamata hukuma ta sa kuɗinta a kai

Talaka a ƙasar nan ba ya sayen gida gaba ɗaya. Fili yake fara saye, ya kewaye, ya yi ɗaki ɗaya da banɗaki ya tare, bayan shekara biyu ya ƙara ɗaki, filasta da silin su zo daga baya. Ra'ayina shi ne hukumar da ke son isa gare shi dole ta bi wannan hanya tasa. Abu na farko shi ne fili mai takarda: a yanka fulotai ƙanana, a fitar da titi da kwata da kwalbati, a kai ruwa da taransfoma, a sayar da biya kaɗan-kaɗan. Kuɗin da zai gina wa iyali ɗaya gida zai shirya wa iyalai da dama fuloti. Na biyu, a halatta awon igiyar da aka riga aka zauna a kai, unguwa-unguwa, a farashin da mai shayi zai iya biya. Hukumomin taswirar ƙasa irin su KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano suna da kayan aikin yin haka. Na uku, ƙananan rance na shekara biyu zuwa biyar, na yin rufi ko ƙara ɗaki, waɗanda ba sa bukatar jingina.

Na huɗu shi ya shafi ƙaninka. Banki na gudun tela ne saboda babu takardar albashin da za a kama. Maroko ta magance wannan da asusun Fogarim da ya fara aiki a 2004: gwamnati ba ta ba da rancen da kanta, tana tsaya wa mai sana'a ne a gaban banki, ta ɗauki nauyin wajen kashi 70 na bashin idan ya gaza. Afirka ta Kudu kuma ta yarda cewa akwai talaucin da rance ba ya yi masa magani, don haka tun 1994 take gina ƙananan gidaje kyauta ga iyalan da ke ƙasan ma'auni, waɗanda samunsu bai wuce rand 3,500 a wata ba, masu ɗan dama kuma ta ba su tallafin kafin alƙalami. Kowane tsari da nasa aibin, na Afirka ta Kudu ma ya sha kuka kan nisa da ingancin gini. Abin ɗauka a ciki shi ne tallafin a bayyane yake, daga kasafin kuɗi, an san wanda aka yi wa. Namu a ɓoye yake cikin ruwan rance, kuma mai ƙaramin albashi ne ke biya wa mai babba.

Matakan da za ka bi

Fara da zuwa ofishin FMBN na jiharku da lambar zubinka, ka nemi a buga maka bayanin asusunka. Kwatanta shi da takardun albashinka na shekara goma sha ɗaya. Duk watan da babu, ka rubuta wa sashen albashi na ma'aikatarku, kuma ya fi ƙarfi idan ƙungiyar ƙwadago ta reshenku ce ta bi, domin da wuya a ce kai kaɗai abin ya shafa. Ko ba ka ci rance ba, wannan kuɗi naka ne ranar ritaya.

Idan kana da fili ko gida da aka fara, rancen gyaran gida ya fi dacewa da kai fiye da jingina. An fara shi da iyakar naira miliyan ɗaya, ruwa kashi 6, a biya cikin shekara biyar ta hanyar cira daga albashi, kuma ta ma'aikata ake nema, ba a bukatar C of O. Miliyan ɗaya a shekara biyar tana cin kimanin 19,300 a wata, wanda ke cikin ƙarfinka. Kada ka watsa ta a harsashin ɗaki huɗu. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana cin bulo wajen 400, don haka ka auna abin da kuɗin zai kai har rufi, ka gama ɗaya ka shiga, kuɗin hayar da ka huta biya ya zama na ɗaki na gaba. Ginin da aka bari a linta damina biyu ba rufi, asara yake yi.

Idan ba ka da fili, tambayi tsarin haya zuwa mallaka da bankin ya fito da shi a 2018. Kana shiga gidan a matsayin ɗan haya, abin da kake biya yana taruwa har gidan ya zama naka, ba kafin alƙalami, ba neman takardar fili. Sharaɗin shi ne gidan ya kasance cikin waɗanda bankin ya sa kuɗi aka gina, kuma ƙa'idar ɗaya bisa uku tana nan, don haka nemi wanda farashinsa bai yi nisa da miliyan 4 zuwa 5 ba, in akwai shi a jiharku. Je ka ga gidan da idonka, da damina in da hali, ka duba ruwa, wuta da kuɗin mota zuwa wurin aiki. In jiharku tana cikin tsarin fansho na zubi da ke ƙarƙashin hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ƙa'idar 2022 ta ba ka damar ɗaukar har kashi 25 na abin da ke asusun fanshonka ka biya kafin alƙalami, muddin ka yi wata 60 ana zuba maka. Ka yi tunani sosai kafin ka taɓa shi, domin abincin tsufanka ne.

Batun ruwa na hana mutane da yawa a Arewa kusantar asusun, kuma damuwa ce ta gaskiya. Akwai hanyoyin da ba ruwa a ciki: ijara mai ƙarewa da mallaka, musharakar da kason banki ke raguwa kana saye a hankali, da murabaha inda banki ke sayen kayan gini ya sayar maka da riba sananniya. Bankuna irin su Jaiz da TAJ suna aiki da waɗannan, FMBN ma ya sanar da nasa tsarin marar ruwa. Hukuncin shari'a na malamai ne, ni nawa lissafi ne: karɓi kwafin yarjejeniyar ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, sannan ka tambayi jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, domin rashin ruwa ba ya nufin arha. Iyakar rance da sharuɗɗa kuma suna sauyawa, sai ka tabbatar da na yau a ofishin kafin ka kashe kuɗin takardu. Duk wanda ya tare ka a waje ya ce kawo kuɗi ya sama maka gida ko ya gaggauta maka fayil, ka rabu da shi, biya ta asusun hukuma kawai ake yi, da rasit.

Ƙaninka yana iya yin rajista da asusun a matsayin mai sana'ar kansa ya riƙa zubi, amma shi kaɗai zai sha wuya wajen nuna samunsa. Ƙarfinsa yana cikin ƙungiyar gama-kai mai rajista, ta teloli ko ta 'yan kasuwarsu, domin FMBN yana da rancen da yake bai wa irin waɗannan ƙungiyoyi idan suna da fili mai takarda kuma membobinsu na zubi. Ƙungiya ta sayi gona ɗaya a gefen gari, safiyo ya auna ya kafa duwatsu, a nemi takarda ɗaya, a yanka wa kowa, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan kowa ya bi tasa. Kafin su biya, su bincika a ma'aikatar ƙasa ko gonar tana cikin wurin da gwamnati ta riga ta ware, su kuma tabbatar duk magadan mai gonar sun sa hannu. Shi kuma tun yanzu ya buɗe asusun banki na shago, kuɗin ɗinki su riƙa shiga ta nan, har na sallah da na bukukuwa, adashin da yake zubawa ma ya riƙa turawa ta asusun. Bayanin asusu na wata goma sha biyu shi ne zai tsaya masa a madadin takardar albashi ranar da ƙungiyar ta kai sunansa.